Ba da Mudun Manya Ake Auna Fim ɗin Yara Ba

A nan Sabo, da wuya a kunna Tom and Jerry a gida ba a samu babban da ya yi tsaki ba: "Kyanwa na bin ɓera tun safe, ina darasin? Shirme kawai!" Sai a karɓe rimot a sa fim ɗin Indiya mai fassara, yaran kuma na nan zaune.

Mu dai a ganinmu, an yi awon da mudun da ba nasa ba. William Hanna da Joseph Barbera suka fara wannan katun a Amurka a 1940. Kowane kashi bai wuce kamar minti bakwai ba, daidai haƙurin ƙaramin yaro. Kusan babu magana a ciki, kiɗa da motsi ke ba da labarin. Shi ya sa ɗan Bahaushe da ɗan Bayarabe maƙwabcinsa ke zama tabarma ɗaya suna ƙyalƙyala dariya, ba tafinta. Shi kuma yaro, da kullum shi ne ƙarami a gida, daɗi yake ji ya ga ɗan ɓera ya fi ƙaton kyanwa wayo. A wajen masu shi, fim ɗin ya biya.

Ba mu ce ba shi da aibi ba. Duka da guduma ya yi yawa, ɗan shekara uku na iya gwadawa a kan ƙaninsa. Wasu tsofaffin kashe-kashensa kuma sun zana baƙar fata cikin wulaƙanci. Haka The Lion King na 1994: wurin da Scar ya halaka ɗan'uwansa Mufasa, Simba ya zo yana tashin gawar ubansa, ɗan shekara takwas zai ɗauka har ya yi tambaya, ɗan yaye kuwa sai firgita cikin barci.

Abin da ya fi damun mu shi ne ɗaya gefen. Don fim yana Hausa sai mu ɗauka na iyali ne, alhali kishi ne, saki ne, boka ne, soyayyar manya ce. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa na sa alama: G, PG, 12, 15, 18. Kafin mu kunna, mu duba, mu tambayi kanmu don wa aka yi shi, kuma wa ke zaune a falon.