Masu Sauraron Hancin Sauro

Sauro ba shi da hanci irin namu, amma da wari yake farauta. Macen ce mai cizo, domin sai ta sha jini ƙwayayenta suke nuna. Cikin duhu takan fara jin iskar da muke fitarwa tun tana nesa, sai warin fata ya jawo ta kusa, sannan ɗumin jiki ya nuna mata inda za ta sauka. Abin da take shinshinawa da shi yana kanta: eriya biyu, da wasu siraran sanduna biyu a gefen tsinin bakinta. Jikinsu cike yake da ƙananan gashi waɗanda ido ba ya gani. Kowane gashi ɗan bututu ne mai ƙofofi a bangonsa, a cikinsa akwai ruwa da rassan ƙwayoyin jijiya, galibi biyu ko uku. Idan wari ya shiga ta ƙofofin ya tarar da makarɓin da ya dace da shi, sai ƙwayar jijiyar ta harba saƙon lantarki zuwa ƙwaƙwalwa.

To akwai mutanen da sana'arsu ita ce su soka waya cikin gashi ɗaya tak daga cikin waɗannan, sauron yana raye, su saurari abin da jijiyar ke faɗa. Ga wanda yake zaune a Nijeriya, ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana ɗauke da kusan rubu'in masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, amfanin aikin a fili yake. Amma ni abin da ya fi ɗaure min kai shi ne aikin hannun kansa.

Da waya ake farawa. Ta tangistan ce, ƙarfen nan da ake yin zaren cikin tsohon ƙwan lantarki da shi, saboda yana da ƙarfi ko an sirantar da shi. Ba dutse ko magagari ake wasa ta da shi ba. Mai bincike yana tsoma bakinta a wani ruwan sinadari, ya saki ɗan lantarki, ya riƙa tsomawa yana cirewa. Ruwan yana cin ƙarfen kaɗan-kaɗan, kuma da yake can ƙarshen wayar ne ya fi daɗewa a ciki, shi ya fi cinyewa, sai tsini ya fito da kansa. Yana yi yana dubawa a madubin ƙara girma, har kaurin tsinin ya koma wajen kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Daga nan fa sai kaffa-kaffa. Tsinin ya taɓi gefen gilashi sau ɗaya, ya lanƙwashe ke nan, sai a koma ruwa.

Sannan sauro. Ana zaɓar mace 'yar kwanaki da ƙyanƙyashewa, wadda aka raina da ruwan sukari, ba ta taɓa shan jini ba. A ɗora ta kan ƙanƙara na ɗan lokaci har jikinta ya mutu, ba tare da ta mutu ba. Wasu kan tura ta cikin ɗan bututun roba da aka yanke bakinsa daidai yadda kai kaɗai zai leƙo, wasu kan manna ta a gilashi da salatif mai danƙo ciki da waje. Sai a kwantar da eriyar a kan wani ɓallin gilashi, a danne ta yadda ko kaɗan ba za ta motsa ba. A nan ake gane hannu. An matse da yawa, eriya ta lalace. An sassauta, za ta kauce duk lokacin da waya ta taɓa ta. Waya ta biyu kuma a idon sauron ake soka ta, domin lantarki sai da madogara biyu ake auna shi, kuma ido wuri ne mai ruwa da ba ya cikin harkar wari.

Ɗakin ma an yi masa shiri. Teburin aikin yana zaune ne a kan ƙafafu masu iska a ciki, don kada takun mai wucewa ko rufe ƙofa ya girgiza wayar. An kewaye shi da keji na ragar ƙarfe, irin wanda Michael Faraday na Ingila ya nuna amfaninsa a 1836, domin saƙon jijiyar sauro ƙarami ne ƙwarai, gunjin wayoyin wuta na jikin bango kaɗai ya isa ya binne shi. Ba a tura wayar da yatsa. Tana ɗaure a wata na'ura mai maƙunnai da ake murzawa, wadda ke mayar da babbar murzawa ta zama ɗan matsi ƙanƙane: gaba, gefe, ko ƙasa. Akwai kuma bututun gilashi da ke hura wa eriyar iska ba tsayawa. An bi da iskar ta cikin gawayi don ya tsotse duk wani wari, an bi da ita ta cikin ruwa don ta yi laima, kada sauron ya bushe.

Yanzu mai bincike ya sa ido a madubi, ya ƙara girman har kusan ninki dubu, ya zaɓi gashi ɗaya. Yana matso da tsinin zuwa gindinsa, hannu a kan maƙunni, kunne a kan lasifika. I, lasifika, domin an haɗa wayar da na'urar ƙara ƙarfin saƙo, ita kuma ta mayar da kowane harbin jijiya ya zama ƙara. Kafin a shiga ba a jin komai sai shuuu. Tsinin ya taɓa bangon gashin, ya ɗan dosa, ya huda. Idan bai shiga sosai ba, shiru. Idan ya zarce, ya fasa ƙwayar, za a ji ta yi ruri na ɗan lokaci sannan ta mutu, sai a nemi wani gashin. Idan kuwa an dace, sai a ji ƙas, ƙas, ƙas, jefi-jefi. Jijiya ce ke harbawa tana hutu. Sabon shiga yakan yi makonni kafin kunnensa da yatsunsa su san wannan gaɓa.

Warin da za a gwada an riga an shirya shi. An narka sinadarin a man da ba shi da wari, sau da yawa kashi ɗaya cikin ɗari, an ɗiga a kan 'yar takarda, an saka ta cikin wani bututun gilashi. Sai a cusa bakin bututun a wata ƙofa ta jikin babban bututun iska, a taka maɓalli, na'ura ta hura na rabin daƙiƙa. Idan jijiyar ta san warin, ƙarar takan sauya nan take, kamar yayyafi a kan kwanon ɗaki da ya rikiɗe ya zama ruwa mai ƙarfi. Harbin da bai wuce 'yan ƙwarori a daƙiƙa ba yana iya haura 200. Wani warin kuma akasin haka yake yi, ya sa jijiyar ta yi tsit, kuma wannan shirun ma saƙo ne.

Da yake jijiya biyu ko uku ke zaune a gashi ɗaya, wayar tana jin su duka a haɗe. Yaya ake raba su? A allon kwamfuta kowane harbi yana fitowa a matsayin layi a tsaye, kuma kowace jijiya da nata tsayin: mai dogo, mai matsakaici, mai gajere. Da haka aka gane cewa a wasu gashi na sandunan gefen bakin sauron maleriya, jijiyoyi uku ne, kuma mai dogon layin aikinta jin iskar kabon da muke fitarwa. Wannan iska wajen kashi 0.04 cikin ɗari ce kawai a sararin da muke shaƙa, amma a numfashinmu takan kai kashi 4. Shi ya sa mai bincike yake kiyaye nasa numfashin. Ya yi ajiyar zuciya kusa da madubi, lasifika za ta ba shi amsa.

Abin da ya fi burge ni a duk aikin shi ne bututun da babu komai a cikinsa. Kafin a yarda cewa wani sinadari ne ya tayar da jijiya, sai an hura mai zalla, ba wari, an ƙirga abin da ya haifar, an cire shi daga lissafi. Sai an jira tsakanin hurawa da hurawa don jijiyar ta huce. Sai an sauya takarda, domin wari yana ƙarewa. Sai kuma an maimaita a kan sauraye daban-daban. A majalisa mutum zai ce sauro ya fi cizon wane saboda jininsa na da zaƙi, a gyaɗa kai, a wuce, shekara da shekaru ba wanda ya tashi ya gwada. Shi kuwa mai bincike yakan kwashe yini yana neman hanyar ƙaryata abin da shi da kansa ya ji da safe.

Sana'ar tana da magabata. A 1957 Dietrich Schneider na Jamus ya auna lantarkin eriyar malam-buɗe-littafin siliki baki ɗayanta. A 1959 Adolf Butenandt, bayan kusan shekara 20 yana fama, ya gano sinadarin da macen wannan ƙwaro ke kiran namiji da shi, kuma sai da ya tattara mata wajen 500,000 kafin ya samu 'yan miligiram. A 1991 Linda Buck da Richard Axel a Amurka suka gano dangin ƙwayoyin gado da ke ƙera makarɓan wari a hancin dabbobi masu shayarwa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2004.

Wata dabara daga ɗakin binciken John Carlson a Jami'ar Yale ta sauƙaƙa lamarin sauro. Sun samu wani ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace wanda ɗaya daga cikin jijiyoyinsa ta rasa makarɓinta: tana raye, amma ba ta jin komai. Sai su ɗauko makarɓi ɗaya na sauro su dasa a cikinta, su soka waya, su saurara. Duk abin da ta ji, makarɓin sauron ne ya ji. A 2004 suka nuna cewa wani makarɓi da mace kaɗai ke da shi, wanda kuma yake raguwa bayan ta sha jini, yana amsa wani sinadari da ke cikin gumin mutum. A 2010 Allison Carey da abokan aikinta suka wallafa gwajin makarɓai 50 da wari 110, wato haɗi 5,500, kowanne an maimaita shi.

Sai dai waya tana faɗar abin da sauro ya ji ne kawai, ba ta faɗar ko yana so ko yana gudu. Wannan sai an sake shi a dogon akwati mai iska, an ga inda ya nufa. Da irin wannan gwaji Bart Knols da Ruurd de Jong na Jami'ar Wageningen a Holan suka nuna, wajen 1996, cewa sauron maleriya na Afirka yana bin warin ƙafa, har ma yana bin wani cukun Turai mai suna Limburger saboda warinsu ya yi kama. Daga baya masu bincike na wannan jami'a da na cibiyar nazarin ƙwari ta icipe a Kenya suka kafa tarkuna masu warin mutum na haɗi a gidaje fiye da 4,000 a tsibirin Rusinga da ke tafkin Biktoriya. Fanka ce ke zuƙe sauron da ya biyo warin, hasken rana ke juya ta, kuma farantin solar ɗin yana ba gidan fitila da wurin cajin waya. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna babban sauron da ke yaɗa cutar a tsibirin ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, masu ɗauke da cutar kuma sun ragu da kusan kashi 30.