Amaren Instagram Duka 'Yan Gida Ɗaya Ne?

Duk wanda ya leƙa shafukan masu ɗaukar hoton biki na Kano, Kaduna ko Abuja a Instagram zai rantse amaren duka uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kowacce fara sol, fuska sumul ba ko ƙurji, hanci a miƙe kamar an ja shi da zare. Garin da yawancin matansa baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa, amma sai ka yi ta gangarawa a shafin mai hoto ba ka ci karo da baƙa ɗaya ba. Ba aure baƙaƙen suka daina yi ba. Ko dai an bar hotunansu a kwamfuta don wai ba za su ja kasuwa ba, ko kuma an yi musu editin har sun koma wasu mutane dabam.

Masu sana'ar suna kiran wannan talla. Ni alkawari nake ganinsa, irin wanda ba a iya cikawa, kuma mai hoton ne farkon wanda yake kwana a ciki. Yarinya ta ga shafi, ta biya kafin alƙalami, tana jiran ta fito kamar waccan. Ranar kamu kuwa zaure ya cika maƙil, wuta ta ɗauke, ƙawaye sanye da anko suna ture juna, gumi ya fara narka kwalliya. Hoton da ke shafi a sutudiyo aka ɗauke shi, da fitilu a jere da natsuwa. In aka kawo albam, ɗaya daga biyu ne: ko amarya ta ce ba haka ta gani a shafinka ba, ko kuma a yi mata irin wancan gyaran, Hajiya ta ɗaga hoton ta ce, "Wannan kuma 'yar wace ce?"

Na san abin da za a ce mini: ai hoto tun asali ƙawata mutum yake yi. Gaskiya ne. Seydou Keïta, wanda ya buɗe sutudiyonsa a Bamako a 1948, yana ajiye rediyo, agogo, alƙalami, kwat, keke da babur Vespa, har da mota, don wanda ya zo ya ara ya yi hoto da su. Matashin da ba shi da ko taya sai ya jingina da babur ya ɗaga kai. To amma a dubi hotunan nan da kyau. Babur na aro ne, fuskar kuwa ta mai ita ce: baƙinta, zanen gadonta, giɓin haƙorinta, duk suna nan. Mutumin ne ya zaɓi abin da zai riƙe, ba mai hoto ne ya zauna da dare shi kaɗai ya yanke cewa kalar da Allah ya yi masa ba ta dace ba. Keïta da hasken rana yake yawancin aikinsa a tsakar gida, kuma sau da yawa ɗauka ɗaya yake yi saboda tsadar fim. Tallansa shi ne hatimin sunansa a bayan hoto, hoton kuma yana yawo hannu zuwa hannu, daga gida zuwa gida. Da aka baje aikinsa a Faris a 1994, fuskokin nan na gaskiya ne suka tsayar da masu kallo.

Akwai ma lalaci a cikin mayar da amare farare, ko da yake ba a son faɗa. Ɗaukar baƙar fata cikin farin leshi aiki ne: in ka auna haske da leshin, fuska ta dushe; in ka auna da fuska, leshin ya ƙone, adonsa ya ɓace. Wanda ya iya yakan karkatar da fitila ta gefe, ko ya bugo da haskenta daga bango, sai fatar ta yi sheƙi da kalarta. Wanda bai iya ba sai ya watsa filasha a goshi, ya je ya ja komai ya yi fari a kwamfuta. Shekaru da dama kamfanin Kodak da hoton Baturiya yake daidaita kalar wankin hoto, baƙar fata kuma ta riƙa fitowa a dishe. Yau na'ura ta gyaru, sai mu muka karɓi aikin da hannunmu. Hukumar NAFDAC tana ta gargaɗi a kan man bilicin, mu kuma muna yi wa 'yan mata bilicin kyauta a waya, muna nuna musu yadda wai ya kamata su kasance.

Satar hoto kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Wanda ya kwaso aikin wani daga Legas ko Dubai ya manna tambarinsa ɓarawo ne, dokar haƙƙin mallaka ma haka ta ɗauke shi. Kusa da shi akwai mai cika shafi da jaruman Kannywood. Jaruma ta san inda za ta ajiye haɓa, ta saba da kyamara, ta zo da mai kwalliyarta. Hotonta ba ya gaya mini ko za ka iya da kakar ango da ba ta son a ɗauke ta.

Abin da ya fi damuna shi ne izini. A ƙasar Hausa hoton matar aure ba ƙaramin abu ba ne. An sha ganin amarya ta farka ta tarar da hotonta na sa lalle, kai ba ɗankwali, yana yawo a intanet, dangin miji suna turo wa juna. Mai hoto ya sami mabiya, ita ta fara zaman aure da bayani. An biya ka ka ɗauka, ba a biya ka ka baje ba. Ka tambaya tun kafin biki, ka nuna mata ainihin hotunan da kake son sawa, in ta ce a'a ka haƙura. Gidajen da suka fi biyan kuɗi da yawa ma su ne suka fi gudun mai hoton da ba ya iya riƙe amana, kuma labarin irin wannan a bakin mata yake tafiya, daga suna zuwa suna.

Ga wanda yake ganin sai da ƙarya ake suna, ya dubi Fati Abubakar ta Maiduguri. Lokacin da duniya ba ta san Borno da komai ba sai bom, ita ta riƙa sa hotunan 'yan makaranta, 'yan kasuwa da masu biki a shafinta na Bits of Borno, yadda suke, har manyan jaridun waje suka nemo ta. Ba hoton biki take sayarwa ba, amma an san idonta. A cikin masu hoton bikinmu, in ka rufe tambari, da wuya ka bambanta aikin wannan da na wancan.

Da ni ce mai neman mai hoto, ba zan tsaya a shafi ba. Zan ce masa, "Malam, nuna mini biki ɗaya cikakke, wanda masu shi suka yarda a nuna, daga kamu har kai amarya." A nan ake ganin yadda ya yi da ɗakin da ba haske, da tsofaffi, da baƙar amarya. Sai in nemi ya rubuta mini kuɗinsa duka, da adadin hotuna, da ranar da zai kawo albam, don masu riƙe hotunan mutane har amarya ta haihu ba su da kaɗan. Mai hoton da ya sa waɗannan a shafinsa tun kafin a tambaye shi, shi zan fara kira.