Guzurin Ɗalibi: Nazari a kan Littattafan Baƙunta

Daga watan Yuli zuwa Satumba, lokacin da makarantu suke dogon hutu, gero kuma yana fid da kai a gonakin Azare da Madara da Chinade, a nan ne ɗaliban ƙasar Katagum waɗanda Allah ya nufa da samun gurbin karatu a Masar, ko Madina, ko Indiya, ko Ingila, sukan duƙufa ga shirin tafiya. Amma in ka duba shirin sai ka tarar duk na fasfo ne da biza da canjin kuɗi, da ƙullin yaji da kuka da daddawa, alhali kuwa akwai guzurin da ya fi waɗannan daɗewa a hannu, watau muɗala'ar abin da magabata suka rubuta game da zaman baƙunci a biranen mutane. Takardar jami'a tana bayyana darussa da kuɗin makaranta, amma ba ta faɗin yadda ake neman ɗakin haya, ko abin da mutum zai ji ranar Salla in ya waiwaya bai ga wanda zai yi wa barka ba.

Fita neman ilmi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira domin ɗalibansu da mahajjatansu, daga baya kuma aka keɓe wa Barebari ruwaƙinsu a Azhar. Hanyar alhazan ƙafa kuwa, wadda ta bi ta Fataskum da Maiduguri da Abeshe har bakin Bahar Maliya, ta ɗebi mutanen ƙasar nan masu yawa, waɗansu suka dawo bayan shekaru, waɗansu suka yi zamansu a Sudan, kamar jama'ar Mai Wurno da suka sauka a gaɓar Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903.

Littattafan da suka shafi wannan babi iri biyu ne, wajibi ne kuma ɗalibi ya rarrabe su. Na farko shi ne littafin rihla, wanda mawallafinsa ya je, ya gani, ya komo ya ba da labari. Jigonsa a wajen Larabawan zamani shi ne Rifa'atu Ɗahɗawi, limamin ɗaliban da Muhammadu Ali, mai mulkin Masar, ya aika Faris a 1826, wanda ya wallafa Takhlisul Ibriz a 1834, ya siffanta cin abinci a kan tebur da wuƙa da cokali mai yatsu, da gidajen shan gahawa masu manyan madubai waɗanda suke sa mutane kaɗan su zama kamar taro, yana auna kowane abu da mizanin Shari'a da na hankali. A Hausa muna da Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, labarin zuwansa Ingila a 1943 cikin ayarin editocin jaridun Afirka ta Yamma, da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a Midil ta Bauchi kafin ya tafi karatu Landan. Fa'idar wannan iri ita ce yana koya wa mutum kallo da natsuwa, ba tare da ruɗewa ko raini ba. Naƙasunsa kuwa shi ne yawancin mawallafansa baƙin hukuma ne, an tarye su, an sauke su, an zaga da su, saboda haka falon gari suka fi gani, ba bayan gida ba.

Iri na biyu shi ne littafin wanda ya je ya zauna, har baƙunta ta zame masa sana'a. Dubi The Lonely Londoners na Sam Selvon, mutumin Tirinidad, wanda ya fito a 1956. Ya buɗe da Moses, wanda ya shekara goma a Landan, yana fita cikin hazon hunturu zuwa tashar jirgin ƙasa ta Waterloo domin ya taryi wani ɗan ƙasarsu da bai taɓa gani ba. Baƙon ya sauko ba kaya, ba rigar sanyi, sai cika baki, wata rana kuma yunwa ta kai shi ga kama tantabara a lambun gari ya kai gida aka dafa. Kowace Lahadi abokan Moses sukan taru a ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa, ana hira, ana neman rance, shi kuwa kullum yana cewa baɗi zai koma gida. Buchi Emecheta, a littafinta na 1974, ta nuna matar ɗalibi da 'ya'yanta cikin ɗaki guda, masu gidajen haya suna juya mata baya saboda launin fatarta. Ɗayyib Salih na Sudan kuma, a 1966, ya nuna haziƙin da ya ci nasarar karatu a Ingila ya yi hasarar kansa.

A wannan iri na biyu adabinmu yana da ƙaranci ƙwarai. In ka ɗebe labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Bature Barth zuwa Landan a 1855, wanda Bature Schön ya buga maganarsa cikin Magana Hausa a 1885, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya ba da labarin yaron da aka raba da uwarsa ya girma a hannun Balarabe, to, saura kaɗan ne. Abin mamaki kuwa shi ne babu al'ummar da ta fi Hausawa sanin ƙa'idar zama a garin wani. A zangon Kumasi, ko Sabo ta Ibadan, falke yakan sauka a gidan maigida, wanda zai ba shi ɗaki da tuwo, ya adana masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in ya sayar da shanu bashi, sa'an nan ya sami rabonsa cikin la'ada. Aikin da Moses yake yi a Waterloo bisa tilas, Bahaushe ya daɗe da mayar da shi tsari mai sarki da limami. Sai dai ilmin ya tsaya a baki, a zaure da tasha, har sai da Bature Abner Cohen ya rubuta na Sabo da Turanci a 1969.

Saboda haka ɗalibin da yake da wata biyu a hannu ya kamata ya haɗa iri biyun, ya karanta rihla domin adabin kallo, ya karanta littafin zama domin sanin ɗacin da ke jiransa, yana lura da shekarar da aka rubuta kowanne, gama Landan ta 1956 ba ita ce ta yau ba, Hartum ɗin da ɗalibanmu suka sani kuma ta sauya cikin kwana kaɗan da ɓarkewar yaƙi a watan Afrilu na 2023, har aka kwaso su ta iyakar Masar da Fort Sudan. Ya kuma cika giɓin littafi da tambayar waɗanda suka riga shi, domin ba su da wuyar samu: suna nan suna koyarwa a Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh, da jami'ar Gaɗau, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare, kowannensu ya san unguwar da ake samun ɗaki da rahusa, da masallacin da 'yan Afirka suke haɗuwa, da watan da kewar gida take kayar da mutum. Haƙƙin ƙannensu ne a kansu su zauna su rubuta wannan sani da Hausa, ko da ƙasida ce mai shafi ashirin, gama shahadar da suka kawo tasu ce su kaɗai, amma labarin zaman na jama'ar Katagum ne baki ɗaya.