A Bar Wa Ɗan Tsere Taswirarsa, A Tilasta Masa Rigar Sanyi

Masu tseren daji a ƙasashen sanyi sun shiga wani yayi da nake ganin ya kamata a taka masa birki. Kowace shekara jakar da suke goyawa ƙara sauƙi take yi, agogon da ke hannunsu kuma ƙara wayo yake yi. Rigar ruwa ta koma kamar leda don a rage nauyi, agogo kuwa yana ɗauke da GPS da taswirar ƙasa gaba ɗaya. Ni a ganina an juya abin ne: kayan da ke tsare rai ake ragewa, kayan da ke yi wa mutum tunani ake ƙarawa.

Wasanni biyu nake nufi. Na farko shi ne tseren bin taswira, wanda ya samo asali daga horon sojoji a Suwidin da Norwe a ƙarshen ƙarni na 19, aka kafa hukumarsa ta duniya, IOF, a 1961. Ana miƙa wa mutum taswira a wurin tashi, ga kamfas a hannunsa, sai ya nemo tutoci masu ruwan lemo da fari da aka kafa a cikin daji, ɗaya bayan ɗaya. Hanyar da zai bi, ruwansa. Da hunturu ana yin sa da takalman sulu a kan dusar ƙanƙara, kuma an fara gasar duniya ta wannan nau'i a Finlan a 1975. Na biyu shi ne tseren kasada, inda tawagar mutum huɗu, maza da mata, ke shafe kwanaki tana tafiyar ƙafa da tuƙa keke da kwalekwale, barci kaɗan kaɗan. Gasar Raid Gauloises da aka fara a Niyu Zilan a 1989 ce ta fito da shi, sannan Eco-Challenge ta kai shi talabijin daga 1995.

Duba ɗan wasan hunturu yana tafe. Hannayensa biyu na riƙe da sanduna, don haka taswirar tana maƙale a wani faifai da ke ɗaure a ƙirjinsa, yana juya shi duk inda ya karya kwana. Korayen layuka ne a jikinta birjik: mai kauri hanya ce mai faɗi da za a iya zabga gudu, mai ɗigo-ɗigo kuwa ƙaramar hanya ce mai cin ƙarfi. Zuciyarsa na bugawa, numfashinsa na fita kamar hayaƙi, ga mararraba ta taho, kuma dole ya yanke shawara kafin ya iso ta: ya bi gajeriya mai hawa, ko doguwa mai santsi? Wannan shawarar ita ce wasan. In agogo ne zai yanke ta, to abin da ya rage gudu ne kawai, kuma akwai filayen gudu da yawa a duniya.

Shi ya sa nake tare da dokar da ta hana amfani da GPS wajen neman hanya a gasannin IOF da manyan tseren kasada. Masu son a sassauta suna cewa na'urar tana jawo sabbin shiga, tana kuma hana ɓata. Akwai gaskiya a ciki, amma an riga an ba ta gurbinta. Ana ɗaura wa 'yan wasa na'urar bibiya wadda ba sa iya karantawa, masu shirya gasa su san inda kowa yake, 'yan kallo su bi su a allo. Bayan an gama, ɗan wasa ya ɗora layin da ya bi a kan taswira ya ga inda ya yi asarar minti biyu. Wannan amfani ne mai kyau. Tove Alexandersson ta Suwidin, wadda ta ci kofin duniya a ƙafa da kuma kan ƙanƙara, da ido da kai take karanta daji, kuma abin da ya sa ake girmama ta ke nan.

Ta ɓangaren tufafi kuwa, kamata ya yi a ƙara tsanantawa. Ranar 22 ga Mayu, 2021, mutum 172 suka tashi tseren kilomita 100 a duwatsun lardin Gansu na ƙasar Sin. Ba tseren taswira ba ne, amma darasin ɗaya ne. Da rana tsaka sai iska mai ƙarfi da ruwan ƙanƙara suka sauko musu, yawancinsu sanye da gajeren wando da riga mara nauyi, domin rigar kare iska ba ta cikin kayan dole. Mutum 21 suka mutu, har da Liang Jing, ɗaya daga cikin gwanayen ƙasar. Wani makiyayi ne ya ceci shida, ya shigar da su kogo ya hura musu wuta. Ƙarfi da ƙwarewa ba sa hana sanyi kisa. Da zarar zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, tunani ke fara rikicewa, yatsu su kasa jan zif.

Horon da ya dace ba a kanti ake sayensa ba. Mutum ya saba karanta taswira lokacin da ya gaji liƙis, ya fita da dare da fitilar goshi, ya gwada canza riga da safar hannu a hannunsa. Ya san cewa auduga tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, shi ya sa ulu ko yadin roba ake sawa a ciki, mai ɗumi a tsakiya, mai tare iska da ruwa a waje. Ya san sanyi na zuƙe batir da wuri, kamfas kuwa babu ruwansa da caji.

Kirana ga masu shirya gasa shi ne su buɗe jakar kowa a wurin tashi da kuma tsakiyar hanya, wanda aka samu babu rigar ruwa ta ƙwarai da usur da bargon gaggawa a sallame shi, ko da shi ne zakara. In ba za a iya wannan ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Agogo mai taswira kuma a ci gaba da barin sa a gida.