Aikatau Mai Rakiya a Ingilishi: Sharhi a Kan Yadda Ake Koyar da Shi ga Ɗalibi Bahaushe

A cikin Ingilishin yau da kullum akwai wani irin aikatau wanda ba ya tafiya shi kaɗai, sai da wata 'yar ƙaramar kalma a bayansa, kamar "up", "out", "off" ko "away". Masana nahawun Ingilishi suna kiransa "phrasal verb", sunan da ya bazu daga wani littafi na Logan Pearsall Smith na 1925. A wannan maƙala za a kira shi aikatau mai rakiya, ita kuwa ƙaramar kalmar a kira ta 'yar rakiya. Wahalarsa ba sabuwa ba ce, don tun 1755 Samuel Johnson ya nuna a gabatarwar ƙamusunsa cewa irin wannan haɗi shi ya fi ba baƙon harshen wuya. Abin da za a yi sharhi a kansa a nan shi ne hanyar da aka saba bi wajen koyar da shi a makarantun ƙasar Hausa, domin hanyar tana ɓoye wa ɗalibi wani ilimi da ya riga ya zo aji da shi.

Hanyar ita ce ta jeri. Littafin shirin jarrabawa yakan jero aikatau masu rakiya bisa tsarin abacada, kowane da kalma guda a gabansa wadda aka ce ma'anarsu ɗaya: "put off" da "postpone", "put out" da "extinguish", "find out" da "discover". Ɗalibi ya haddace, ya cike gurbi, ya wuce. Illa ta farko ita ce ba ɗaya suke ba. Yawancin kalmomin nan guda-guda Latin ne asalinsu, wasu kai tsaye, wasu ta hanyar Faransanci, kuma har yanzu da ƙamshin littafi da na ofis a jikinsu. Matsayinsu ya yi kama da na kalmomin Larabci a bakin malamai. Ana cewa malam ya yi wafati, amma wanda ya ce akuyarsa ta yi wafati dariya za a yi masa. Haka kunnen Bature zai ji yaron da ya ce wa ƙanensa "extinguish the lamp". Da yake jerin kullum doguwar kalma yake sawa a matsayin amsa, sai ɗalibi ya ɗauka ita ce Turancin ilimi, mai rakiya kuwa na kasuwa ne. Daga nan ake samun wanda ya iya rubuta takardar neman aiki, amma labarin rediyo ko hirar mutum biyu a littafin hikaya ta gagare shi.

Illa ta biyu ta fi girma. Jeri yana nuna wa ɗalibi kamar 'yar rakiya ba ta da wata ma'ana tata, dace ne kawai ya haɗa ta da aikatau. Dwight Bolinger ya rushe wannan zato a littafinsa na 1971, The Phrasal Verb in English, inda ya nuna cewa a asali 'yar rakiya tana ɗauke da motsi da kuma inda aikin ya tuƙe, watau sakamakonsa. To, wannan aiki ne da Hausa take yi, sai dai ita a ƙarshen aikatau take yinsa. Tun 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa giredi bakwai, kuma uku daga cikinsu sun shafi wannan magana kai tsaye.

Giredi na 4 yana nuna aiki ya game abin da aka yi wa shi, bai bar saura ba. Bambancin "ya ci tuwo" da "ya cinye tuwon" shi ne bambancin "ate" da "ate up". Haka "sha" da "shanye" suke da "drink" da "drink up", haka "ya sayi hatsi" da "ya saye hatsin kasuwa" suke da "buy" da "buy up". Ɗalibin da aka gaya wa "up" sama take nufi dole ya ruɗe, don ba wanda yake cin tuwo zuwa sama. Wanda aka ce wa ita ce "-nye" ta "cinye" kuwa, ba sai an fassara masa "use up" ko "dry up" ba, zai gane su da kansa. Giredi na 5, wanda aka daɗe ana ɗauka na sa wani aiki ne, Paul Newman ya nuna a 1983 cewa ainihin ma'anarsa nisantar da abu ne daga mai aikin. Saboda haka "jefa" da "jefar da" suka dace da "throw" da "throw away", "zuba" da "zubar da" suka dace da "pour" da "pour away", "ba" da "bayar da" kuma da "give" da "give away".

Amma fa kada a zarce, don kamancin yana da iyaka, kuma malamin da ya ɓoye iyakar ya sake gina wani jerin ne kawai. "Saya" da "sayar da" ba su da 'yar rakiya a Ingilishi, kalmomi biyu ne daban. A giredi na 6 ma abin juyewa ya yi. Wasalin "-o" yana jawo aiki zuwa wajen mai magana, kamar "fita" da "fito", "shiga" da "shigo", "sauka" da "sauko". A Ingilishi "go out" da "come out" ake cewa, watau 'yar rakiya ba ta canja ba, aikatau ne ya canja. A nan saiwar kalmar Hausa ita ke daidai da 'yar rakiya, ɗafa-ƙeyar kuwa ita ke daidai da aikatau na Ingilishi.

Sai maganar tsarin jimla, wadda jeri ba ya ko taɓawa. Ana cewa "turn off the radio", ana kuma cewa "turn the radio off". Amma da zarar wakilin suna ya maye gurbin suna, sai "turn it off" kaɗai ta halatta. Dalilin, bisa ga bayanin Bolinger, shi ne ƙarshen jimla wurin sabon labari ne da nauyin murya, wakilin suna kuwa abin da aka riga aka sani yake nunawa. Rabuwar aikatau da abokin tafiyarsa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda yake cewa "ya zubar da ruwa" amma "ya zubar mini da ruwa". Ya kuma san wakilin suna yana canja kamannin aikatau, tun da "ya sayi doki" yake cewa amma "ya saye shi". Da wannan gwaji na wakilin suna ake rarrabe 'yar rakiya ta gaskiya da harafin da ya yi kama da ita. "He turned on the radio" takan koma "he turned it on", ya kunna ta. "The dog turned on its owner" kuwa "turned on him" take komawa, kare ya juya ya far wa ubangidansa. Kalmomin iri ɗaya ne a ido, ginin daban, ma'ana daban. Mai fassarar labaru da bai san wannan ba yana iya sa kare ya kunna mutum.

Gaskiya ne akwai waɗanda ba yadda za a yi a hango ma'anarsu daga sassansu, kamar "give up", "take after" da "put up with". Masu goyon bayan jeri da waɗannan suke kafa hujja, kuma hujjar tana da ƙarfi, don dole a koye su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai a cikin jimla ya kamata a koye su. Hausa tana da irinsu birjik. Wanda ya san "yi" ya san "da" ba zai gane "sun yi da shi" gulma ake nufi ba, haka "tana ji da ɗanta" ba ta shafi kunne ba. Balle "ci", wadda ake cin amana da ita, a ci bashi, a ci kasuwa, a ci sarauta, a ci jarrabawa. Ba Bahaushen da ya koyi waɗannan bisa tsarin abacada. Ya ji su ne tare da sunayen da suke tafiya da su. Wannan ne ya sa ƙamusun A. P. Cowie da R. Mackin na 1975 ya fi littattafan jarrabawa nesa ba kusa ba, domin yana kawo irin sunayen da kan zo a matsayin aikau da karɓau na kowane aikatau. Rauninsa shi ne da aikatau ya tsara shigarwarsa, saboda haka "eat up" tana wani shafi, "use up" tana can wani, mai karatu ba zai ga zaren da ya haɗa su ba. Ƙamusun Collins Cobuild na 1989 ya rage wannan giɓi da fihirisa ta 'yan rakiya, inda aka kasa ma'anonin kowace.

Kurakuran ɗalibai ma shaida ne, in an dube su da idon basira. A Turancin Nijeriya ana jin "off the light" da "on the fan", inda aka yar da aikatau aka ɗora aikin duka a kan 'yar rakiya. Mai duba jarrabawa zai ja jan layi, kuma bisa ƙa'idar daidaitaccen Ingilishi yana da gaskiya. Amma mai maganar ya gano inda ma'ana take, don a "switch off" da "switch on" ba "switch" ce ta raba kashewa da kunnawa ba. Haka "cope up with" da "voice out" suke nuna an ji cewa "up" da "out" suna ƙara wa aiki cika, sai aka kai su inda Bature bai kai su ba. Irin wannan ɗalibi iyakar doka yake bukatar a nuna masa, dokar kuwa ya riga ya kama ta. Abin takaici shi ne a makaranta ɗaya malamin Hausa yakan koyar da giredin aikatau da safe, malamin Ingilishi ya shigo bayansa da jerinsa, allon ma ba a gama sharewa ba, kuma ba wanda ya gaya wa ɗaliban cewa "cinye" da ke gefen allo ita ce "eat up" da ake shirin rubutawa.