Shin "-n" Ita Ce "The"?

Akwai wata ƙa'ida mai daɗin haddacewa da ake koya wa 'yan makaranta, wai "a" ta Turanci ita ce "wani" ko "wata", "the" kuwa ita ce "-n" ko "-r" da ke ƙarshen suna. A ganina wannan ƙa'ida gurguwa ce.

Alal misali, in mutumin Birnin Gwari ya ce "Sarki ya fito", bai ɗafa wa sarki kome ba, amma ba mai tambayarsa wane sarki. Bature kuwa tilas ya sa "the" a nan. Haka kuma "ina neman likita" ita ce ke ɗaukar "a", domin ko wane likita ya samu ya yi. Wanda ya ce "wani likita", sau da yawa ya san mutuminsa, sunan ne bai faɗa ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne "-n" ɗin nan iri biyu ce. Akwai ta "ya shiga dajin", watau dajin da aka riga aka ambata. Akwai kuma ta "dajin Kamuku", wadda aikinta haɗa suna da suna kurum. A baki karin sauti yana bambanta su a wasu kalmomin, amma rubutunmu ba ya nuna karin sauti.

To, a watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun tuba, aka sake buɗe kasuwar shanu. A ce an ba ɗalibi jimlar "shugaban 'yan bindiga ya ajiye makami" ya juya ta zuwa Turanci. Da ya hango "-n", sai ya rubuta "the leader". Mai karatu a Ikko zai ɗauka shugaba ɗaya ne tak, an gama da shi ke nan. Alhali kuwa daga Kamuku har Kuyambana daba-daba ce, kowace da nata shugaba, saboda haka "a leader" ya kamata ya rubuta. Direban da zai ɗauko fasinja daga Kaduna ya bi ta Buruku, tambayarsa ta farko ita ce, wane shugaban daga ciki?