Maraya da gona: yadda ake aurar da magajiya a tsohuwar Ingila

A Ingila ta ƙarni na 15, idan basarake mai riƙe da ƙasa daga hannun sarki ya mutu ya bar magaji ƙarami, abu biyu ne ke komawa hannun sarki: amfanin ƙasar, da ikon aurar da marayan. Sarki na iya riƙe wannan iko, yana iya bayar da shi kyauta ga bafaden da ya so, yana kuma iya sayar da shi ga wanda ya fi taya wa. Idan magajin mace ce, farashi ya ƙara tashi, domin duk wanda ya aure ta ya auri gonakinta, da harajinta, da talakawan da ke zaune a kansu. Babu wadda rayuwarta ta tona asirin wannan al'ada kamar Margaret Beaufort, uwar Sarki Henry na Bakwai.

Asalin gidansu ma da tabo ya fara. Kakan mahaifinta shi ne John na Gaunt, ɗan Sarki Edward na Uku, wanda ya haifi 'ya'ya huɗu da Katherine Swynford tun ba su yi aure ba. Sai a 1396 ya aure ta, a 1397 kuma Sarki Richard na Biyu ya halatta 'ya'yan. Su ne ake kira Beaufort. Bayan shekara goma, Sarki Henry na Huɗu, wanda ɗan ubansu ne, ya sa aka ƙara sharaɗin cewa halaccin bai kai ga gadon sarauta ba. Ga jinin sarauta a jiki, ga ƙofa a rufe, amma rufin da kowa ya san ana iya ture shi ranar da ƙarfi ya zo.

An haifi Margaret a 1443 a Bletsoe. Mahaifinta, John Beaufort, mai sarautar Somerset, ya dawo daga yaƙin Faransa da kunya, ya mutu a 1444, kafin 'yar ta san fuskarsa. Nan da nan Sarki Henry na Shida ya miƙa riƙonta ga babban na hannun damansa, William de la Pole na Suffolk. Shi kuwa Suffolk bai kai kasuwa da nisa ba, ɗansa John ya ɗaura wa ita a 1450, ango da amarya duk ba su wuce shekara bakwai ko takwas ba. A wannan shekarar majalisar dokoki ta tuhumi Suffolk da laifuffuka, ciki har da cewa yana nufin ɗora ɗansa kan gadon sarauta ta hanyar wannan yarinya. Aka kore shi daga ƙasa, maƙiyansa suka tare jirginsa a teku suka sare masa kai.

A nan ne dokar coci ke shigowa, kuma ya kamata a yi mata adalci. Coci ta tsaya a kan cewa aure ba ya ƙulluwa sai da yardar mutum biyun. Ana iya yin baiko tun daga shekara bakwai, amma yarinya tana da ikon warware shi idan ta kai sha biyu, yaro kuma sha huɗu. Ita ma Magna Carta ta 1215 ta hana a aurar da magaji ga wanda bai kai shi daraja ba, ta kuma hana tilasta wa matar da mijinta ya mutu sake aure. Waɗannan kariya ce ta gaske, an kuma raba aure da dama saboda su. Sai dai tambayar da takardun ba sa amsawa ita ce, yarinya 'yar shekara tara da aka tsayar gaban sarki da fadawansa, da wane baki za ta ce a'a?

Haka aka yi da Margaret a 1453. Sarki ya so ya azurta 'yan'uwansa biyu da suke uwa ɗaya, Edmund da Jasper Tudor, sai aka warware auren farko, aka mayar da riƙonta hannunsu. Shekaru da yawa bayan haka ta ba malaminta Bishop John Fisher labarin cewa an ba ta zaɓi, ta yi addu'a, ta ga wani waliyyi da dare yana umartarta da ta ɗauki Edmund. Labarin ya nuna yadda ita kanta ta so a fahimci abin: zaɓi ne, kuma daga sama ya zo. Amma waliyyin ya faɗi daidai abin da sarki ya riga ya yanke.

An ɗaura auren a 1455, tana da shekara sha biyu, Edmund kuwa ya haura ashirin da 'yan kai. Yawancin gidajen sarauta na lokacin kan dakata da tarewa har yarinya ta ƙara girma, ko da doka ta halatta. Edmund bai dakata ba, kuma masana tarihi da dama suna danganta gaggawarsa da wata ƙa'idar gado: mijin da matarsa ta haifa masa ɗa mai rai yana da ikon cin amfanin ƙasarta har ƙarshen ransa, ko da ita da ɗan sun riga shi mutuwa. Ashe dokar da kanta tana ba da lada ga wanda ya yi rashin imani. Bai ci ladan ba. Magoya bayan gidan York, abokan hamayyar gidan sarki, suka kama shi a Wales, annoba ta kashe shi a Carmarthen cikin Nuwamba 1456. Matarsa, da tsohon ciki, ta fake wurin Jasper a fadar Pembroke mai ganuwa, a bakin ruwa, cikin tsananin hunturu. Ranar 28 ga Janairu 1457 ta haifi Henry tana da shekara sha uku, ƙaramar halitta, haihuwar da ta kusa tafiya da uwa da ɗa. Ta yi aure sau biyu bayan wannan, ba ta sake haihuwa ba.

Daga nan labarin ya sauya hannu. Ta gane cewa bazawara mai dukiya ba ta daɗewa ba a zaɓa mata miji ba, don haka cikin 'yan makonni da haihuwa ita da Jasper suka nufi gidan mai sarautar Buckingham neman tsari. A 1458 ta auri ɗansa Henry Stafford, suka yi zaman lafiya har ya mutu a 1471 sakamakon raunin da ya samu a yaƙin Barnet. Ɗanta kuwa al'adar da ta cinye ƙuruciyarta ta kama shi: William Herbert ya biya fam 1,000 ya karɓi riƙonsa, da niyyar aura masa 'yarsa. A 1471, da gidan York ya yi nasara ya riƙe sarauta, yaron ya tsere zuwa Brittany tare da Jasper, ya shekara sha huɗu uwarsa ba ta sa shi a ido ba.

Aurenta na huɗu, da Thomas Stanley a 1472, ciniki ne da ta ƙulla da idonta a buɗe. Stanley na da dakaru a arewa maso yammacin Ingila da kujera a fadar York, ita kuma tana da ƙasa da suna. A 1483, da aka gano hannunta a tawayen da aka shirya wa Sarki Richard na Uku, dokar da ke ɗaukar mace a matsayin inuwar mijinta ce ta cece ta: aka ƙwace dukiyarta aka damƙa wa Stanley, aka ce ya tsare ta a gida. A cikin wannan makirci ne ta shirya da Elizabeth Woodville, matar marigayi sarki na gidan York, cewa Henry zai auri 'yarta Elizabeth ta York. Ranar 22 ga Agusta 1485, a filin Bosworth, dakarun William Stanley, ƙanin mijinta, suka faɗa wa Richard a daidai lokacin da yaƙi ke lilo. Henry ya zama sarki.

Majalisarsa ta farko ta ba ta abin da matan aure na zamanin ba su da shi: ikon mallakar dukiya da shiga shari'a da sunanta, kamar marar miji. A 1499, Stanley na raye kuma da yardarsa, ta yi alwashin ƙaurace wa shimfiɗar aure, ta kafa gidanta a Collyweston. Da dukiyar da maza huɗu suka aure ta dominta ta kafa kujerun koyar da ilimin addini a Oxford da Cambridge, ta gina Christ's College a 1505, aka kuma kafa St John's College a 1511 daga abin da ta bari.

Ciwon Pembroke bai bar ta ba. A 1498 Henry ya shaida wa jakadan Sifaniya cewa mahaifiyarsa da matarsa sun ƙi a kai babbar 'yarsa Margaret gidan Sarkin Scotland James na Huɗu da wuri, don tsoron ba zai jira ba, ya yi mata lahani. Sai 1503 aka kai ta, tana da sha uku.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauke ta mai yaƙi da al'adar. Jikarta ta tsare, ba 'ya'yan kowa ba. A 1486 ita ma ta karɓi riƙon maraya Edward Stafford, magajin Buckingham, ta ci amfanin ƙasarsa kamar yadda aka ci nata. Ɗanta ya matsa wa wannan hanyar samun kuɗi fiye da sarakunan da suka gabace shi. Ta rasu ranar 29 ga Yuni 1509, wata biyu bayansa, aka binne ta a Westminster. Jikanta Henry na Takwas ya kafa kotu ta musamman a 1540 don kula da cinikin riƙon marayu, kuma sai a 1660 doka ta kawar da tsarin gaba ɗaya.